Faɗuwa Ta Biyu

Ranar da wuta ta dawo da la'asar a Rijiyar Ɗorowa,
Iliya ɗan Ƙonni ya shigo da kwamfuta a hammata.
Ya ce fim ne na Faransawa, labarin zamanin da,
sa'ad da majigi ke rarrafe.
Muka jingina ta da randa a zaure.
Kakana Arzika ya matso da ido ɗayan da ya rage masa.

Ga maza masu gashin baki kamar ƙahon rago,
dogayen huluna, fitilu masu hayaƙi,
an kewaye fage da igiya kamar garken Kara.
"Hannu biyu suke bugu?" in ji tsohon.
"To wanne ne garkuwa?
Ina makaɗin?
Namiji ya shiga fage ba kalangu, ba kirari,
wa zai tuna mai sunan ubansa?"

A gefe wani siriri ya duƙa bayan akwati mai ƙafa uku,
yana juya hannu kamar mai murza taliya.

Sai bugu ya sauka ƙarƙashin kunne.
Ƙaton ya zube kamar buhun albasa daga kan mota.
Mai akwati ya ɗaga hannu yana faɗa.
Iliya ya fassara:
"Wai zaren hoton ya ƙare kafin bugun.
Wai ya tashi ya sake faɗuwa, a ƙara masa kuɗi."

Ya tashi. Ya share jini.
Ya sake faɗuwa,
ta biyun ta fi kyau.

Kaka bai yi dariya da mu ba.
Ya murza damarsa, wadda yanzu ludayi ke gagara,
inda zare ya bar hanyoyi a fata.
"Kaka goma sha tara ina fage.
Na yi kisa a Wurno, na yi a Bodinga,
ba wanda ya adana min ko ɗaya
sai bakin makaɗi, shi ma ƙasa ta rufe shi.
Sau ɗaya bayana ya san ƙasa:
Jabbi bahago, Gwadabawa, bayan an yanke gero.
Waɗanda suka gani saura uku,
ɗaya ya ruɗe, ɗaya ya koma Kwatano.
Kullum faɗuwata tana raguwa.
Wanga bawan Allah kuwa,
ko jikokinsa sun tsufa, yana nan yana faɗuwa."

"Ai ɗan wasa ne, Baba."
"Na sani. Amma an yi wa wani haka,
in ba haka ba ina suka samo?"

Wuta ta tafi. Batir ya koma ja.
"Mayar min baya," ya ce.
"Wurin ta biyun?"
"A'a. Ta farkon, wadda akwatin bai kama ba.
Dubi ƙafarsa ta hagu.
Tun nan ya faɗi, bugun shaida ne kawai."

Allon ya mutu yana cikin magana.
Na kunna tocila.
Ya miƙe, gwiwa tana ƙara,
hagu a gaba, tafi buɗe,
dama can baya, a dunƙule iyakar yadda za ta dunƙulu.
Inuwarsa ta hau bangon zaure, ta kai azara,
saurayi ne a can, ba furfura, ido biyu.

Waya tana aljihuna.
Na ji nauyinta.
Ladan ya yi gyaran murya a masallacin bayanmu,
na riƙe tocilar da hannu biyu
don kada inuwar ta girgiza.