Ludayi a Hannun Hagu

Ranar da jikina ya rabu gida biyu
ina tsaye ne a bakin tafkin Kallavesi, ina warware koma.
Dama ta ce mu tafi, hagu ta ce ita nan za ta zauna.
Komar ta faɗi. Ni ma na bi ta.

Wata huɗu ke nan a gidan jinya, bayan garin Kuopio,
hannun hagu a dunƙule irin na jariri,
kamar ya fizgo wani abu daga wurin mutuwa
ya rantse ba zai nuna wa kowa ba.

Tuulikki, mai horar da gaɓɓai, ba ta ɓarnar magana.
Ta ɗaura mini abin awon jini a damtse,
ta dubi lambobi, ta dubi takardar likita,
ta ce, "Aulis, yau an yarda.
Benci na ƙasa. Minti takwas, ban ce tara ba.
Shanye ruwan nan tukuna."

Benci na ƙasa!
Ni da tun ina ɗan shekara bakwai
nake hawa na sama, kafaɗa da kafaɗa da mahaifina.
Na haɗiye.
Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Zafin bai yi gaggawa ba.
Ya fara gaisawa da fata,
ya gangara wuya, ya bi ta kafaɗa,
ya tarar da jijiyar nan da ta sandare
kamar igiyar kwale-kwale da ta kwana cikin ƙanƙara,
ya zauna kusa da ita, bai ce mata komai ba.
Jinin da ke rarrafe ya miƙe tsaye.
Zuciya ta ɗaga ƙafa kamar mai hawan tudu
alhali ina zaune.
Gumi ya keto mini, har ta ɓarin da na yi wa takaba.

Ina fitowa, jiki na tururi,
Tuulikki ta kama hannun:
da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.
Babban yatsa. Manuni. Na tsakiya ya yi gardama.
Ta ce, "Sauna ƙofa take buɗewa,
shiga kuma aikinka ne."
Daren nan na yi barcin da rabona da shi
tun ganye yana kan itace.

Ba kowa aka ba izini ba.
Kalervo, mai zuciyar da ke tuntuɓe,
a bakin ƙofa yake zama da jarida,
in mun fito ya shaƙi ƙamshin katako a jikinmu,
ya ce mun yi ja kamar dafaffen ƙaguwa.

A irin wannan ɗaki uwata ta haife ni,
mai baƙin bango, mai warin hayaƙi,
dusar ƙanƙara ta toshe hanyar ungozoma.
A cikinsa aka wanke kakata ranar da ta cika.
To me zai hana ya karɓe ni a tsakiya,
ban iso yau ba, ban kuma tafi ba tukuna?

Mako na shida.
Reino, mai sabon ƙugu na ƙarfe,
ya turo bokiti da ƙafa, bai dube ni ba.
Na sa hagu. Ta yi rawa. Ta riƙe.
Ludayin ya taso yana kakkarwa,
rabin ruwan ya zube mini a gwiwa,
wani ya bi ƙasa,
abin da ya saura, bai fi cikin cokali uku ba,
ya isa kan duwatsu.

Suka ce: casss.

Reino ya share fuska, ya daɗe yana kallon bango.
A ƙasar nan shiru ma yabo ne.

Gobe, in ji Tuulikki, sai maɓallin riga.