'Ya'yan Tsamiya

Kawu Jelani bai shiga aji ba,
amma shi ya koya mini lissafin sama.
Kowace kaka, in an yanke gero an ɗaure dammuna,
sai ya ja ni tudun nan na bayan Dundaye
da gwangwanayen madara biyu,
ɗaya cike da 'ya'yan tsamiya, ɗaya wofi.
Shirwa ɗaya, ƙwaya ɗaya. Ƙwal.
In shaho ne, tsakuwa.

"Kak ka ƙidaya na gari," in ji shi,
"waɗanga masu jiran hanji bayan mahauta.
Dubi matafiya. Ba su da gida nan,
hwara kawai ka sa su duƙawa."

Ba su zuwa da asuba.
Sai hantsi ya dubi ludayi,
sai ƙasa ta fara huci kamar tukunyar da aka sauke,
sannan ɗigo ya fito ta wajen Kware,
ɗigo ya haifi ɗigo,
su taru bisa fadamar Rima
suna juyi kamar mazari a hannun tsohuwa,
suna hawa ba tare da kaɗa fiffike ba,
har wuya ya gaji, har ido ya kawo ruwa,
sai zaren ya tsinke,
su zube kudu, ta kan Bodinga.

Shekarar da aka yi mini kaciya
gwangwani ya ƙare sau uku kafin azahar,
muka koma ƙirga da kashin awaki.

Yau shekarata arba'in da shida.
Ni ne malamin awo a kasuwar albasa,
buhu dubu ya wuce ta hannuna
ban taɓa ƙara ɗaya a littafi ba.
Kawu kuwa yana ta rufe masa ido,
fari fat, kamar nonon da ya kwana.
Na goyo shi a babur, Tumba 'yata a tsakiya,
na shimfiɗa masa buzu a gindin aduwa.
Ba ya ganin sama. Gwangwani yake saurare.

Ƙwal.
Shiru.
Wani mai kwalekwale ya haye, ya dawo.
Ƙwal.
Jirgin Abuja ya wuce, Tumba ta ce a sa masa ƙwaya.
Rana ta take tsaka, goma sha tara.
Inda ake ƙunar daji da, an yi bulo.
Gonakin da fara ke tashi an yi musu feshi.
Na dubi kunnensa da ya karkato,
na dubi sama, wankakkiya kamar akushin maraya,

sai hannuna ya yi abin da bai taɓa yi ba.
Ƙwal. Ƙwal. Ƙwal.
Har bakwai.
Tumba ta ɗaga kai, ta sauke, ta dube ni.
Na ɗora yatsa a baki.

Kawu bai motsa ba.
Ya gama tauna goronsa, ya tofar.
"Ɗiyana, kwashe bakwai ɗin ga.
Kazar Hulanin can ba ta kira ɗiyanta ba,
kurciya ba ta bar kuka ba,
kuma inuwa ba ta gitta min goshi ba.
In sun ragu, a rubuta sun ragu.
Wa za ya neme su in ka ce suna nan?"

Na zuba a tafi, na tsince bakwai.
Sun fi buhun albasa nauyi.

Da la'asar sakaliya, muna naɗe buzu,
kazar ta yi ƙara, 'yan tsaki suka shige ƙarƙashinta.
Kawu ya ɗaga fuska.
Guda ɗaya ce, ta makara, gashin fiffike ɗaya ya fita,
tana bin gulbi ita kaɗai.
Ya lalubo hannun Tumba, ya sa mata ƙwaya.

Ashirin.
Na rubuta a bayan rasit, da kwanan wata.