Takardar Gwaji

Abin da na faɗa wa likita, ƙofa a rufe,
ran Talata na tsince shi a bakin rijiya.
Yaron ɗakin kati ya ɗauki hoto,
waya ta kai shi har kasuwar Maigatari.

Yanzu awarata na hucewa a faranti,
ko Barmani ta daina aike.

Mai unguwa ya ce sulhu, a bar wa Allah.
Ƙanena Ilu ya ce kar in goge saƙon, shaida ce,
akwai lauya a Dutse, ba ya karɓar kwabo,
a rubuta ƙorafi, a nemi diyya.

Na dangwala yatsa.
Tarin ya warke tun bara,
amma wace kotu ke kwashe magana daga kunne?