Kaset ɗin da Ba Kaset Ba

Tsohuwar na'urar asibitin Iloilo
ba ta amince wa kowa sai kaset.
Sai Efren Gumban ya yi mata wayo:
ya sa wa faifai rigar kaset,
kullum ƙarfe biyun dare
ta juye masa cikinta,
shi kuma ya tura kwafi can Cebu.

Daren da guguwa ta yaye rufi
ruwa ya kai ƙugu a ɗakin na'urori.
Bayan kwana uku sunaye suka dawo,
mai ciwon suga, mai jego,
yaron da allurar penisilin ke kumbura shi.

A gida, hoton auren mahaifiyarsa
ya narke a jikin bango.
Shi kam ba a taɓa tura shi ko'ina ba.