Rumbu a Mabera

Ƙarfe biyun dare a Mabera,
an ɗauke wuta, fanka ta yi shiru.
Ni da batir mai sauran numfashi
muna gini a sabar da ban taɓa gani ba.

Na kafa ginshiƙan manhaja,
na ɗora rumbun bayanai:
nan dillalai, nan buhunan albasa,
nan bashin Lawali tun kakar bara.

Na ƙwanƙwasa, rumbu ya ce bai san ni ba.
Sau bakwai.
Ashe harafi guda na haɗiye a kalmar sirri.

Ladan na gyara murya, shafi ya buɗe
fari fat, kamar sabuwar ƙwarya.
Anjima Kawu Dange zai zo da littafinsa mai maiƙo,
ya leƙa, ya ce:
"To, wa ke gadinsa in ka yi barci?"