Mota Uku a Fadamar Wurno

Ruwan daren jiya ya sauko da fushi,
fadama ta sha, ta ƙoshi, har ta yi amai.
Da hantsi muka iske mashigi ya kumbura,
laka baƙa wuluk, da yauƙin miyar kuɓewa.

Mu uku ne a jere.
A gaba sabuwa dal ta Injiniya Buda,
ko ledar kujera bai cire ba.
Ya ce tasa tana da ƙwaƙwalwa,
ita ke raba wa tayoyi ƙarfi da kanta,
ba sanda, ba saukowa, ba ɓata hannun riga.
Gaskiya ne, na gan ta a kwalta ana sheƙa ruwa,
ta sha kwanar Kware kamar an ɗaure ta da igiya.
Amma nan ba kwalta ba ce.
Ta shiga da yanga, taya na kama, taya na saki,
fitilu na ƙiftawa a allo kamar idon mai jin barci,
sai cikinta ya zauna daram bisa tudun taɓo.
Ƙafa huɗu na juyi, ba wadda ta taɓa ƙasa.

Ta biyu a-kori-kura ce ta Tunau mai albasa.
Ya ja ƙaramar sanda, farfelar gaba ta amsa,
ya kutsa da gurnani har tsakiya.
Can tayar hagu ta faɗa rami, ta dama ta yi sama,
sai ƙarfi duk ya gudu wurin wadda ba ta da aiki.
Halin aksil ke nan in ba makulli:
ciyar da malalaciya, barin mai noma da yunwa.
Ta baya ma ta koyi halin,
tana feshin laka har kan buhuna,
Tunau na taka totur, rami na ƙara zurfi.

Maigidana Labbo bai ce uffan ba.
Ya tofar da goro, ya naɗe wando,
ya bi mashigin da ƙafa, yana caka kara,
yana tambayar ƙasa inda ƙashinta yake.
Ya dawo ya ce, “Arzika, mi kaka jira?
Murɗa makullan gaba, rage iska kaɗan.”
Na durƙusa, na murɗa, yatsuna suka yi jini.

Tsohuwarmu ta girmi aurena da shekara ashirin,
ƙofarta da waya muke ɗaure ta.
Ya sa ƙaramar giya, ya kulle aksil na baya,
ya bar ta tana tafiyar hawainiya.
Ba ihu. Ƙafa huɗu, magana ɗaya.
Na ji laka na tsotsar taya tana saki,
tsotsa, saki,
muka wuce Injiniya, muka wuce albasa,
ni a baya har na fara ɗaga hula.

Taku goma ya rage mu taka busasshiya
sai gindinta ya zame gefe, a hankali,
kamar saniya mai neman wurin kwanciya.
Tayoyin baya sun suɗe tun bara,
sumul kamar tafin jariri.
Na sha faɗa masa. Ya sha cewa sai an sai da gero.

Masu dashen shinkafa suka taho da kalme,
suka haƙa, suka shimfiɗa kara da reshen bagaruwa,
mutum goma sha ɗaya, kafaɗa a bodi.
Mu muka fara fita, da yake mun fi kusa,
muka ɗaura sarƙa muka jawo Tunau.
Ta Injiniya sai bayan la'asar,
da muka gano inda aka ɓoye mata ƙugiya.

A hanyar gida Labbo ya tsaya bakin kwalta,
ya ce in kwance makullan kada farfela ta yi kuka.
Na kwance. Ya daɗe yana duban tayar baya,
ya shafa ta da babban yatsa,
ya tambaye ni nawa ake sai da gwanjo a Sakkwato.