Gadon Bayan Nibaldo

Bayan ƙarin ruwa na uku a Valparaíso,
ƙuraje suka feso a gadon bayan Nibaldo.
Shekara arba'in gishirin teku bai sa shi susa ba.

Likita Huenchul ta ce garkuwar jikinsa aka tasa,
tana farautar ciwon daji, ta haɗa da fata:
kare in ya yi zafi, har ɗan gida yake cizo.

Ban da ruwan zafi.
Ƙwaya da dare, mai safe da yamma.
In ƙurji ya ɗuri ruwa, sai asibiti.

Na yanke masa farce, yana mita:
da me zai kwance ƙullin koma?

Jiya farin tabo ya fito masa a wuya.
Wai Chiloé ce, tsibirin gyatumarsa.